Ma'auni a Gindin Randa

Da na dawo Jega da zama, bayan shekarun da na kwashe a tashoshin jiragen ruwa na ƙasashen mutane, na ɗauka na rabu da baƙin allo ke nan. Baƙin allo shi ne fuskar kwamfuta wadda ba hoto a kanta, ba abin dannawa. Rubutu kake yi mata layi ɗaya, ta mayar maka da amsa a rubuce. A Kwatano na fara koyonsa, a ofishin da ke bin sawun kaya, inda ake yi mini faɗa da Faransanci in na yi kuskure. A Bur Sudan hannuna ya faɗa, can kuma faɗan da Larabci ake yi. Na dawo gida da niyyar in zauna kusa da masallaci, in huta da na'ura.

Masu ajiyar albasa ne suka hana ni hutawa. Duk wanda ya tashi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ya san noman albasa ba shi ne abin tsoro ba, ajiyarta ce. Ana cire ta da bazara lokacin da ta cika kasuwa ba ta da daraja, sai mai hali ya zuba tasa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa, ya jira damina ta yi nisa. Tsakanin zubawa da sayarwa zafi da danshi ke yin aikinsu. Albasa ɗaya in ta fara ruɓewa a tsakiya, kafin wari ya fito ta ja maƙwabtanta.

Wani shirin tallafa wa manoma ya kawo wa ƙungiyar masu ajiya ƙananan ma'aunai, kowanne bai wuce akwatin ashana biyu ba. Ana rataye shi a cikin rudu, yana auna zafi da danshi, yana aikawa ta layin waya ba fashi. Saƙonnin duka suna sauka a kan wata kwamfuta da aka ajiye a ofishin ƙungiya a Sabon Gari, da sola da batirinta. Wadda ta haɗa aikin wata injiniya ce, Kirista daga ƙasar Filato, Hausa a bakinta kamar a Jos aka yaye ta, don kuwa a can aka yaye ta. A Birnin Kebbi take zaune, tana bukatar wanda zai riƙa duba na'urar in ba ta nan. Shugaban ƙungiya ya ce mata akwai wani tsoho da ya dawo daga yawon duniya, yana da'awar ya san irin waɗannan abubuwa.

Ranar da muka haɗu ta dube ni, ta dubi furfurata, ta ce, "Baba, akwai shafi mai hotuna da na yi domin sauƙi. Dannawa kawai za ka riƙa yi."

Na ce, "Injiniya, shafi mai hotuna abin da aka ga dama yake nuna wa mutum. Buɗe mini baƙin."

Ta yi dariya ta ja mini kujera. Kuma gaskiya ita ce ta koyar da ni, domin abin da na bari a tashar jiragen ruwa ya tsufa. Ta ce yanzu kowace manhaja a cikin kwantena take. Na ce mata rabin rayuwata a tsakanin kwantenoni na yi ta, na ƙarfe, masu tsatsa. Ta ce to tunanin ɗaya ne: ana rufe manhaja da duk abin da take bukata a cikin akwatinta, ba ta taɓa ta kusa da ita, in ta lalace a sauke ta a ɗora wata. Kwantena guda ita ke karɓar saƙonni ta jera su bi da bi. Wata tana ɗauke da mahaɗai. Wata kuma ita ke kunna babban allon da aka kafa a bangon ofis. In kana son magana da wadda ke ciki, sai ka fara rubuta umarnin shiga kwantenar, a can ciki kayan aikin suke.

Saƙonnin an raba su magudana uku, ta Jega, ta Aliero, ta Maiyama, kamar yadda mai lambu ke raba ruwa daga bakin injin. Bambancinsu da ruwa shi ne ɗiba ba ya rage su. Kowa da aka ba izini zai iya karantawa daga inda ya tsaya, ko ya koma can baya ya faro. Mahaɗi kuma ɗan bututu ne: wani yana janyo saƙo daga waje ya zuba a magudana, wani yana kwasa daga magudana ya kai wani wuri. Kana rubuta masa 'yan layuka, ka ce ga inda za ka ɗiba, ga inda za ka kai, ka tura. Daga nan kana iya tambayarsa lafiyarsa, ka dakatar da shi, ko ka goge shi. Na so aikin fiye da yadda na nuna mata. Umarni ba ya karɓar uzuri. In ka rubuta daidai ya yi, in ka kuskure harafi ya ce bai san ka ba.

Babban allon bango shi ya fi jan mutane. Kowane rudu da sunan mai shi, kusa da sunan kuma ɗigo: kore in lafiya, ruwan ɗorawa in zafi ya fara hawa, ja in abu ya ɓaci. Mutane kan shigo su tsaya suna kallo. Dillalan albasa ma suka gano cewa teburin mai shayin da ke fuskantar ƙofar ofis ya fi kowane shayi daɗi a garin. Na gan su, ban kawo komai a raina ba.

Kullum bayan na karya kumallo nakan je ofis in shiga kwantena, in tambayi mahaɗai, in buɗe magudanai ɗaya bayan ɗaya in bar layuka suna gangarowa. Ido yakan saba da su. Rudu mai rai yana da numfashi, zafinsa ya hau da hantsi, ya kai ƙarshe bayan azahar, ya sauko da yamma. Wata safiya a magudanar Maiyama na ga ma'auni ɗaya da ba ya numfashi. Jiya duka sanyi lau, daga safe har la'asar. Na zaci ya lalace. Na duba, batirinsa cike, saƙonsa na zuwa a kan lokaci, mahaɗin da ke janyo shi bai yi jinkiri ba. Na koma baya na faro daga makonnin da suka wuce. Da yana hawa yana sauka kamar kowa, har ya fara wuce na maƙwabta, sai rana ɗaya ya kwanta. Da na san abin da nake nema, sai na samu irinsa a Aliero, na samu wajen ƙauyen Fagada.

Na Maiyama ɗin na taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na tafi.

Na iske shi a zaure yana gyaran igiya. Bai ɗago ba ya ce, "Mi ya kawo ɗan yawon duniya ƙauye? Ko Larabawan sun biyo bashinsu?"

Na ce, "Na zo in ga rudun da ya fi masallacin Madina sanyi."

Ya ci gaba da igiyarsa. "Albarka ta. Kai da ba ka taɓa shuka ko yaji ba, ina za ka san ta."

Na nemi ruwa. Ya nuna mini randa da haɓa, can lungun zaure inda ƙasa ke jiƙe. Na sunkuya zan ɗauki moɗa, sai ga ma'aunin a rataye a gindin randar, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumman buhu, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa.

Na ce, "Ashe albasar taka a randa take."

Ya ajiye igiya. Wasan ya fita daga fuskarsa. Ya ce, "Zauna in hwaɗa maka. Ran da sunana ya yi ruwan ɗorawa bisa bangonku, ban kai gida ba dillali ya tare ni bakin tasha. Ya ce, Alhaji, mu rage maka nauyi tun da sauran dama. Ka san tayin da ya yi? Ko kuɗin buhu bai kai ba. Ni ban san rudu na ya yi zahi ba, shi ya sani. Wanga abu naku tsirara yake yi ma mutum tsakar kasuwa."

Na san al'adar, mantawa na yi. A ƙasarmu ba a tambayar mutum rudunsa. Wa ba ya tambayar ƙane. In ka wuce ka ji wari, sai ka kau da kai ka gaishe shi da gajiya. Shi kuma ya tashi da iyalinsa su tsince ta a ɓoye, abin da ya taɓu ya ba wani ya kai masa kasuwar da ba a san shi ba. Na ga 'yan kasuwa suna ɓoye hali a Kumasi, na gani a Jidda, amma can dabara ce ta ciniki, in an kama ka a yi dariya. A nan rufin asiri ne. Mutumin da aka san rudunsa ya ruɓe, ba farashi kaɗai ya faɗi ba, har maganarsa a taron dangi takan rage nauyi.

Da yake taubashi ne, na matsa masa har ya bar ni na cusa hannu cikin rudun. Tsakiyar da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya ɓoye wa dillali, ya kuma ɓoye wa kansa gargaɗin da aka kawo na'urar domin shi.

Da na koma Jega na rubuta umarni ɗaya na sauke kwantenar da ke kunna allon bango. Allon ya yi duhu, sauran aiki na tafiya. Shugaba ya tambaya, na ce masa sunayen mutane ba abin kafawa a bango ba ne. Shi ma yana da rudu, bai sake tambaya ba.

Injiniya ta zo a makon. Na gaya mata abin da na gani, ban faɗi suna ba. Ta dafe kai ta ce laifin tsarinta ne, allon ya zauna a kashe. Sannan ta ce, "Amma Baba, akwai wadda ta fi wannan." Shirin ya yi magana da wani kamfanin sayen amfanin gona daga kudu. Kamfanin zai riƙa biyan kuɗin layukan wayar ma'aunai, ya kuma riƙa saye kai tsaye daga manomi ba dillali. Abin da yake so shi ne a kafa mahaɗi da zai kwashe magudanan uku ya kai kwamfutarsu, kowane rudu da sunan mai shi da inda yake.

Na ce, "Wato a ɗauke allon daga bangonmu a kafa a bangon mai saye."

Ta ce, "Baba, dillalan nan da kake karewa su ke shan jinin mutanenka. Kamfani zai saye da sikeli, ya biya a ranar."

Na ce, "Ba dillali nake karewa ba. Mai saye duk inda yake, in ya san kana gaggawa ya san farashinka. Na zauna a ofishin da ake ganin kayan kowa, na san abin da masu gani ke yi da gani."

Ta ce umarni ne daga sama, kuma tana da mabuɗin shiga na'urar daga Birnin Kebbi. Na ce na sani.

Bayan kwana kaɗan, da safe na nemi jerin mahaɗai, sai na ga baƙo a cikinsu. Na tambayi lafiyarsa, ya ce yana aiki. An kafa shi ne ba da jimawa ba, ya fara da magudanar Jega, bai kai ga sauran ba. Na rubuta umarnin dakatarwa. Na sake tambaya, ya ce ya tsaya. Sai na kira ta.

Na ce, "Injiniya, na dakatar da mahaɗinki. Ban goge ba. Saƙonni na nan a jere, ran da aka sake shi zai ɗora daga inda ya tsaya, ba abin da zai ɓace. Amma in kin sake shi zan kuma dakatarwa, in kuma kira ki in gaya miki, har sai masu rudu sun ji da kunnensu."

Ta ce, "Za ka sa a kore ni, ko a kore ka."

Na ce, "Ni an sha korata, a harsuna huɗu."

Aka kira taro a ofis. Babban jami'in shirin ya zo da kansa, mutum mai ladabi, ya yi bayani da kyau, ban ji ƙarya a bakinsa ba. Ɗakin ya cika da masu rudu daga garuruwan uku, taubashina na can baya ya sunkuyar da hula. Da jami'in ya gama ya ce duk wanda bai yarda a aika bayanin rudunsa ba ya ɗaga hannu.

Ba wanda ya motsa. Jami'in ya yi murmushi ya ce to alhamdu lillahi, kowa ya yarda.

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai ɗaga hannu a ɗakin nan ko da za a kwana. Wanda ya ɗaga ya shaida wa kowa cewa rudunsa na da abin ɓoyewa. Ni kaɗai ne ba ni da albasa ko ɗaya, shi ya sa ni kaɗai ke iya cewa a'a. To na ce."

Ya ce, cikin sanyin murya, ni ba ɗan ƙungiya ba ne, mai duba na'ura ne, kuma ba ni da hurumin dakatar da abin da shiri ya kafa. Na ce haka ne. Na roƙi a bar ni in nuna abu ɗaya. Na juyo da kwamfutar, na rubuta umarnin da zai fito da zafi da lokaci kawai, ya yanke suna da lamba. Layuka suka gangaro. Na nuna masa masu hawa da sauka, na nuna masa waɗanda suka kwanta, kuma sun ƙaru tun ran da maganar kamfani ta fara yawo.

Na ce, "Waɗannan ba a rudu suke ba. In ka saki mahaɗin nan, abin da za ka sayar wa kamfani shi ne sanyin randunan ƙasar Gwandu."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ɗakin ya ɗauka, har waɗanda ban zata ba. Jami'in bai yi ba. Ya ce wannan ɓarna ce ga kayan shiri, in ba shi sunayen masu yin haka.

Na ce, "Ba zan bayar ba."

Ya ce zai iya sa Injiniya ta fitar.

Na ce, "Za ta iya. Ni dai ba da hannuna ba."

Kowa ya juya wajenta. Ta miƙe tsaye. Sannan ta ce, da Turanci don shi, ta maimaita da Hausa don mu, cewa ita ta zo auna albasa ne, kuma ma'aunin da mutane ke tsoro ba ya auna komai. Ta kawo shawara a buɗe sabuwar magudana wadda ba suna a cikinta, jimillar kowane gari kawai, mahaɗin kamfani ya ɗiba daga nan. Na ce na yarda da wannan. Shugaba ya gyara zama ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Kamfanin bai yarda ba. Jimilla ba ta gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya janye, tallafin layuka ya tafi tare da shi, shirin kuma ya rubuto cewa ba ya bukatar aikina. Na'urar dai tun farko an damƙa wa ƙungiya, saboda haka Shugaba ya ce shiri ya sallame ni, ƙungiya ta ɗauke ni, kujerar ma ba a canja ba. Kafin a mayar da Injiniya wani aiki ta zo ta goge mahaɗin da hannunta, muka zauna yini guda muka kafa wani, wanda ke aika gargaɗin kowane rudu zuwa wayar mai shi kaɗai. Masu rudu suka ɗauki nauyin layukansu. Wasu ba su iya ba, ma'aunansu suka yi shiru, har yau ba su dawo ba.

A hankali layukan da suka kwanta suka fara hawa da sauka. Ban tambayi kowa ba. Na taubashina da ya dawo rudu sai ya haura sama da na kowa a Maiyama. Wayarsa ta yi ta ƙara, ya tsince, ya yi asarar abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku a ƙiyasinsa, sauran ya riƙe har farashi ya tashi. Ba wanda ya sani sai ni da shi, kuma ya ba ni izinin rubuta wannan da sharaɗin in faɗi cewa ya fi ni kyau.

Ba kowa ya gode mini ba. Akwai wani babban manomi a Aliero, mutum mai tsabtar aiki wanda rudunsa bai taɓa ɗumi ba, shi kamfanin zai fi amfana. Ya same ni a ofis bayan damina, ya ƙi zama.

Ya ce, "Malam, ka hana mu kasuwa don ka rufa ma malalata asiri. Ni ba ni da abin ɓoyo."

Na ce, "Bana ba ka da shi."

Ya ce, "Ko baɗi."

Na ce, "To Allah ya sa. In kana so, yanzu in buɗe maka magudana taka kai kaɗai, in kafa mahaɗi ya kai wa duk wanda ka ga dama. Naka ne. Na maƙwabcinka ne ba zan haɗa da shi ba."

Ya ce kamfani ba zai zo don mutum ɗaya ba. Na ce wannan kuma tsakaninsa da kamfani ne. Ya fita bai yi sallama ba, kuma har yanzu in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, hannu kawai yake ba ni. Ina karɓa. Mai yiwuwa ya yi asara ta dalilina, ban musa ba. Amma da za a sake kafa wancan mahaɗin gobe da safe, kafin hantsi zan dakatar da shi, in kira wanda ya kafa in gaya masa ni ne.